Taku 50: Jayayyar Ƙarni Huɗu A Kan Canjaras A Wasan Ces

Yau sarkin da za mu ba da tarihinsa na katako ne, fadarsa kuma allo ce mai gida 64.

A shekarar 1989, a birnin Belgrade na tsohuwar ƙasar Yugoslabiya, wasu 'yan wasan ces biyu, Ivan Nikolić da Goran Arsović, suka fara wasa guda. Ba su gama shi ba sai da kowannensu ya yi taku 269, jimillar lokacin da suka ɓata a gaban allon ya haura awa 20. A kimanin taku 100 na ƙarshe babu abin da ya rage a allo sai sarakuna biyu, ɗaya na da hasumiya da giwa, ɗayan na da hasumiya kaɗai. Mai rinjaye na kora, mai rauni na zillewa, ba a ci komai ba, ba a kashe kowa ba. Aka tashi canjaras. Duk wanda ya ji wannan labari zai tambaya, shin babu alƙali ne a wurin? Akwai shi, kuma bai saɓa doka ba. Dokar wancan lokaci ce ta ba mai hasumiya da giwa izinin ya yi ta gwada sa'arsa har taku 100. Yadda aka yi doka ta kai ga haka, da yadda aka dawo daga rakiyarta, shi ne abin da za mu bi.

Saboda waɗanda ba su taɓa zama gaban allon ba, bari mu share fage. Kowane ɓangare na da sarki, da sarauniya, da hasumiya biyu, da doki biyu, da giwa biyu (Larabawa ne ke ce mata giwa, Turawan Ingila sun mai da ita limamin coci), sai dakaru takwas a sahun gaba. Ana cin wasa ne idan aka ritsa sarki, ana shirin cinye shi kuma ba shi da mafita. Wannan shi za mu riƙa kira kisa, kamar yadda 'yan dambe ke faɗa. Matsalar ita ce akwai wasanni da yawa da kisa ba ya samuwa, kuma ɗan Adam bai cika son tashi daga wurin da yake jin ƙanshin nasara ba.

A tsohon wasan da ces ya fito daga cikinsa, wato shaɗaranji, wanda gwanaye irin su al-Adli da as-Suli suka yi suna da shi a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, wanda kuma ya iso har fadar Barno da sunan tsatsarandi, wannan matsala ba ta yi tsanani ba. A wancan wasa babu sarauniya. Wazirin da ke tsaye kusa da sarki gida ɗaya tak yake takawa a karkace, giwa kuma tsallen gida biyu take yi. Da irin wannan runduna kisa na da wuya, don haka sai aka buɗe wasu ƙofofin nasara. In ka cinye mutanen abokin karawarka kaf, ka bar masa sarki tsirara, ka ci wasa. In kuma ka maƙale shi, ya zama ba a kai wa sarkinsa hari ba amma ba shi da wani taku da doka ta yarda da shi, nan ma ka ci.

Wajen shekarar 1475 aka sauya wasan a ƙasar Sifen. Waziri ya koma sarauniya mai ratsa allo daga wannan gefe zuwa wancan, giwa ma aka sakar mata mara. Kisa ya yi sauƙi, musamman da yake dakare ɗaya da ya isa ƙarshen allo yana rikiɗa ya zama sarauniya. Sannu a hankali sai aka watsar da nasarar sarki tsirara. Daga nan ne sabuwar rigima ta kunno kai. Mutum ya rage da sarki da doki da giwa, abokinsa da sarki kaɗai. Kisa na yiwuwa, amma sai wanda ya san hanya. In bai sani ba fa? Zai yi ta zagaye har asuba ke nan? Ga shi sau da yawa a wancan zamani da kuɗi a ƙasa ake buga wasan.

Wani limamin coci ɗan Sifen, Ruy López, a littafinsa na 1561, ya ajiye iyaka a taku 50. Ba kowa ya yarda ba. Pietro Carrera, shi ma limamin coci ne daga tsibirin Sisili, wanda littafinsa ya fito a 1617, ya ga taku 24 sun isa. La Bourdonnais na Faransa, gwanin da ya fi kowa a shekarun 1830, ya so a kai 60. Babu ɗayansu da ya yi lissafin ƙwaƙwaf, kowa abin da ya gani a allo ya auna. Kuma dokar ta wancan lokaci ba irin tamu ba ce. Ba a fara ƙirga sai mai rauni ya buɗe baki ya ce a fara, kuma a wasu nau'o'in ƙarshen wasa kawai ake amfani da ita. A babbar gasar Landan ta 1883 aka shigo da sharaɗin cewa in an ci wani abu ko an tura dakare, ƙirga ya koma farko. Wannan sharaɗi shi ne ƙashin bayan dokar har yau, kuma hikimarsa a fili take. Dakare ba ya komawa baya, abin da aka ci kuma ba ya dawowa allo. Su biyun nan ne shaidar cewa wasa ya ci gaba. Duk sauran taku ana iya warware su. Saboda haka dokar yanzu ta ce in kowane ɗan wasa ya yi taku 50 a jere ba a ci komai ba, ba a motsa dakare ba, to ana iya neman canjaras.

Maƙalewa kuwa ta sha yawo kafin ta samu wurin zama. Abin dariya, a Ingila daga wajen 1600 har zuwa wajen 1800, wanda ya maƙale abokinsa shi ne ya faɗi. Wato abin da yake nasara a Bagadaza ya zama asara a Landan. Sai a farkon ƙarni na 19, da ƙoƙarin irin su Jacob Sarratt, Ingila ta bi sahun Faransa da Italiya ta mai da shi canjaras. Har a ƙarni na 20 zakaran duniya Emanuel Lasker yana ganin an cuci mai rinjaye, yana so a ba wanda ya maƙale abokinsa maki fiye da rabi. Ba a bi shi ba. Viktor Korchnoi ya yi amfani da wannan doka ta wata fuska a 1978 a Baguio ta ƙasar Filifins, a wasa na biyar na neman kambun duniya tsakaninsa da Anatoly Karpov. Ba sa ga maciji da juna, Korchnoi bai so ya buɗe baki ya nemi sulhu, sai ya ja wasan har taku 124 ya maƙale sarkin Karpov. Aka yi canjaras ba tare da kowa ya roƙi kowa ba.

Ƙofa ta uku ita ce maimaici. Da farko abin da ake dubawa shi ne maimaita jerin taku iri ɗaya. Max Euwe na ƙasar Holan, malamin lissafi ne wanda daga baya ya zama zakaran duniya a 1935, ya nuna a 1929 cewa a ƙarƙashin irin wannan doka mutum biyu za su iya yin wasa har abada ba tare da sun maimaita jeri ɗaya sau uku a jere ba. Dokar da ta zauna daga ƙarshe ba ta duba taku, tsayuwar allo take dubawa. In tsayuwa ɗaya ta bayyana sau uku, ko da ba a jere ba, ana iya neman canjaras, amma da sharuɗɗa. Dole ya zama mutum ɗaya ne ke da taku a duka ukun, kuma duk damar da ake da ita a karon farko tana nan a na uku.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu lura da kalmar nema. Alƙali ba ya ba ka canjaras ɗin taku 50 ko na maimaici sau uku don ya ga ka cancanta. Kai za ka nema, kuma akwai ladabinsa. Sai lokacin takunka ya zo. In takun da za ka yi ne zai cika sharaɗin, sai ka rubuta shi a takardarka, kada ka buga shi, ka tsayar da agogo ka kira alƙali. In ka riga ka taɓa wani abu a allo da niyyar bugawa, damarka ta wannan karo ta wuce. In aka duba aka ga ka yi kuskure, za a ƙara wa abokinka minti 2, kuma dole ka buga takun da ka rubuta ko da shi ne ajalinka.

Wannan ɗan ladabi ya taɓa juya tarihi. A 1971 a Buenos Aires ta Ajantina, Bobby Fischer na Amurka da Tigran Petrosian na Tarayyar Sobiyet suna karawa don fitar da wanda zai ƙalubalanci zakaran duniya. Kowa ya ci wasa ɗaya. A wasa na uku Petrosian ya samu rinjaye, yana ta jujjuya mutanensa yana neman ƙofa, bai lura cewa tsayuwa ɗaya na dawowa ta hanyoyi daban-daban ba. Fischer ya lura. Ya rubuta takunsa, ya kira alƙali, aka duba aka ga gaskiyarsa. Petrosian, tsohon zakaran duniya wanda aka san shi da taka-tsantsan fiye da kowa, ya rasa wasan da zai iya sa shi gaba. Fischer ya ƙare karawar da maki 6½ da 2½.

Bayan shekara guda, a Reykjavik, a wasa na 20 tsakaninsa da Boris Spassky, Fischer ya sake kiran alƙali Lothar Schmid da irin wannan buƙata. Spassky bai yi gardama ba, ya sa hannu tun kafin alƙali ya yanke hukunci. Daga baya aka gano ashe tsayuwar ta bayyana sau uku, amma ba mutum ɗaya ne ke da taku a duka ukun ba. Da Spassky ya ce a duba, da an ci gaba da wasa. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Karpov ma ya taɓa zamewa a Tilburg a 1986, a wasansa da Tony Miles na Ingila. Ya ƙirga sau uku daidai, sai dai a karon farko Miles na da damar takun nan na musamman da sarki da hasumiya ke tsallake juna, daga baya ya rasa ta. Ido na ganin allo ɗaya, doka na ganin biyu. Aka hukunta Karpov a kan agogo, ko da yake Miles ya karɓi canjaras ɗin duk da haka.

Mu koma kan taku 50, domin a nan ne babbar rigimar take. Tun ƙarni na 19 masu nazarin ƙarshen wasa suka fara zargin cewa akwai tsayuwar da mai rinjaye zai ci tabbas, amma sai ya wuce taku 50. Philidor na Faransa ya yi nazarin hasumiya da giwa a kan hasumiya tun 1749, waɗanda suka biyo shi suka tarar wasu rassan suna da tsawo ƙwarai. Alexey Troitsky na Rasha, wanda ya rasu a 1942 lokacin da aka yi wa Leningrad ƙawanya, ya gano wani abin mamaki. Doki biyu ba sa iya tilasta kisa a kan sarki tsirara, amma in sarkin na da dakare ɗaya, sau da yawa suna iyawa, domin wannan dakaren shi ke hana maƙalewa. Ɗan da ya kamata ya ceci sarki shi ke ba da shi. Sai dai aikin kan ɗauki fiye da taku 50.

Hukumar ces ta duniya, FIDE, wadda aka kafa a Paris a 1924, ta tsinci kanta tsakanin gaskiyar lissafi da juriyar ɗan Adam. Da farko ta karkata ga lissafi. A 1928 ta yarda cewa in an tabbatar wani ƙarshen wasa na bukatar fiye da taku 50, a ba shi ninkin abin da yake bukata. Haka aka ba hasumiya da giwa taku 132, saboda a lokacin ana zaton 66 suke bukata. A 1952 aka sake gyara, aka ce sai in an amince da ƙarin tun kafin a fara wasa. A 1979 a Rio de Janeiro ta Barazil, Jan Timman na Holan ya faɗa wani ƙarshen wasa da Dragoljub Velimirović, hasumiya da dakare a kan giwa da dakare, wanda littattafai suka nuna nasararsa za ta wuce taku 50. A lokacin ana ɗage wasa a ci gaba wata rana, sai Timman da mataimakinsa suka yi ta nazari har suka samo gajeriyar hanya, ya ci kafin wa'adi. Duk da haka, a 1984 FIDE ta sa wannan nau'i cikin guda uku da ta ba taku 100, tare da doki biyu a kan dakare, da hasumiya da giwa a kan hasumiya. Wannan doka ce ta haifi wasan Belgrade da muka buɗe da shi.

Kafin nan kuwa kwamfuta ta riga ta shigo fage. Ken Thompson na ɗakin bincike na Bell a Amurka, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya sa na'ura ta yi lissafi ta baya. Tana fara wa daga duk tsayuwar da kisa ya tabbata, ta koma baya taku ɗaya, ta sake komawa, har ta san hukuncin kowace tsayuwa da adadin takun da take bukata. A 1978 Walter Browne, wanda ya ci gasar Amurka sau shida a rayuwarsa, ya yi fare na dala 100 cewa zai ci na'urar da sarauniya a kan hasumiya, abin da kowane gwani ke ɗauka mai sauƙi ne. Taku 50 suka cika bai ci ba. Ya koma gida ya yi nazari na wasu makonni, ya dawo, ya cinye hasumiyar daidai a taku na 50. Lissafin na'ura kuwa ya nuna taku 31 sun isa ko a mafi wuyar tsayuwa. A 1983 aka tabbatar da cewa giwa biyu na cin doki ɗaya, alhali tun 1851 littafin Kling da Horwitz ya sa kowa ya yarda akwai mafakar da ba a fasawa. Nasarar na iya ɗaukar taku 66.

Sai FIDE ta sake zama. Daga 1989 ta rage 100 zuwa 75, amma ta faɗaɗa jerin zuwa nau'i shida. Ba a je ko'ina ba, a 1991 Lewis Stiller ya fitar da tsayuwar hasumiya da giwa a kan doki biyu mai bukatar taku 223. To, a nan kowa ya ga inda aka dosa. In za a bi na'ura, kowace shekara sai an ƙara jeri, kowane alƙali sai ya riƙe kundi, kowane mai kare kai sai ya kwana a kujera. A 1992 FIDE ta share keɓance-keɓancen gaba ɗaya, ta dawo kan lambar da limamin Sifen ya rubuta shekara 431 da suka wuce.

A ganinmu hukumar ta yi daidai, ko da yake ba kyauta aka samu wannan daidai ba. Akwai wasannin da mutum ya yi komai yadda ya kamata, lissafi ya ce nasa ne, doka ta ce a raba maki. Wannan asara ce ta gaske, kada mu ɓoye ta. Amma a duba ɗaya gefen. Mai hasumiya da giwa ba ya cikin wani haɗari, zai iya gwada tarko goma ya faɗi tara bai rasa komai ba. Mai hasumiya kaɗai kuskure ɗaya ya ishe shi. In aka ninka masa wa'adi, abin da ake aunawa ya tashi daga iya wasa ya koma wa zai riga wani gajiya. Kuma yawancin tsayuwar wannan nau'i canjaras ne tun asali, mafi tsawon nasara a cikinsa taku 59 ce. Saboda 'yan tsayuwa ƙalilan aka ɗora wa dubban 'yan wasa azaba. A 2012 masu bincike a Jami'ar Mosko suka kammala lissafin duk tsayuwar da ba ta wuce mutum bakwai a allo ba, aka samu wadda kisanta ke zuwa a taku 549. Manyan gwanaye kan bi irin waɗannan taku su kasa gane me ake nufi da su sai dab da ƙarshe. Wa za a ƙara wa wa'adi don ya buga abin da ba ya fahimta? Gwanaye ma wani lokaci abin da ke ƙasa da 50 yakan gagare su. Giwa da doki na kashe sarki tsirara cikin taku 33 in an san hanya, amma a Jeniba a 2013 zakarar mata ta duniya ta lokacin, Anna Ushenina, ta kasa yin sa a kan Olga Girya har wa'adi ya cika.

Saura gibi ɗaya. Tunda nema ake yi, yaya ke nan in ba wanda ya nema? A Tilburg a 1991 Karpov da Garry Kasparov sun haura taku 50 ba ci ba motsin dakare, babu wanda ya kira alƙali, har Kasparov ya sadaukar da hasumiyarsa ya jawo maƙalewa. Da zamanin ƙarin daƙiƙoƙi a kan kowane taku ya zo, wasa ɗaya na iya riƙe gasa gaba ɗaya, ana jira a fitar da jadawalin zagaye na gaba. Daga 1 ga Yuli 2014 sai aka ba alƙali wuƙa. In an yi taku 75 ba ci ba motsin dakare, ko tsayuwa ɗaya ta bayyana sau biyar, wasa ya ƙare canjaras ko 'yan wasa sun so ko ba su so ba. Abin da ke hana hakan kawai shi ne in takun ƙarshen shi ne na kisa.

Wurin da har yanzu ake tayar da jijiyar wuya shi ne inda canjaras ya haɗu da agogo. Kowa ya yarda sarki da sarki, ko sarki da doki ɗaya a kan sarki tsirara, mataccen wasa ne, a take yake ƙarewa. Amma in lokacinka ya ƙare, doka ta ce ka faɗi, sai fa in abokinka ba shi da wata hanya ta kashe ka ko da kai da kanka za ka taimaka masa da mafi munin taku. A 2008 a gasar mata ta duniya a Nalchik ta Rasha, lokacin Sabina Foisor ya ƙare alhali ita da Monika Soćko kowacce sarki da doki ɗaya gare ta. Alƙali ya ce canjaras. Kwamitin ɗaukaka ƙara ya soke hukuncin, saboda in sarki ya shiga lungu dokinsa ya toshe masa hanya, kisa na yiwuwa. Soćko ta wuce zagaye na gaba. A Mosko a ƙarshen 2019, a gasar duniya ta wasan gaggawa, Alireza Firouzja, yaro ɗan shekara 16, yana da giwa da dakaru uku, Magnus Carlsen na da giwa ɗaya tilo. Firouzja ne ke neman nasara, lokacinsa ya ƙare. Ya ce ai canjaras ne, me giwa ɗaya za ta yi? Alƙalai suka nuna masa cewa a kan allo ana iya shirya tsayuwar da mutanensa za su toshe wa sarkinsa hanya giwar ta kashe shi, ko da babu mai hankalin da zai buga haka. Ya ɗaukaka ƙara, aka kore ta, maki ya tafi ga Carlsen, wanda shi ya ɗauki kambun a ƙarshen gasar.

Masu buga ces a cikinmu, muna jiran ra'ayinku a kan hukuncin Firouzja. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.